Yadda Ake Kafa Lema a Bakin Teku Ba Tare da Iska Ta Tumɓuke Ta Ba

Yawancinmu mutanen Maraɗi kasuwanci ne ya kai mu ga teku. Kaya ya iso tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, takardu sun ƙi fitowa, sai a ce bari a leƙa bakin ruwa a sha iska. Tun da hanyar Gaya, wadda ke bi ta iyakar Nijar da Benin zuwa Kwatano, ta yi wuya a 2023 kuwa, Lome aka fi nufa. A can nake ganin 'yan'uwanmu da lema sabuwa fil, amma kafin la'asar ta tashi tana birgima cikin jama'a. Abin yana ba ni tsoro, domin sandarta tsini gare ta, tana iya huda yaro.

Wajen saye, kada ka ɗauki irin wadda masu sayar da katin waya ke kafawa a bakin titi. Waccan nauyin gindinta ne ke riƙe ta, ba don yashi aka yi ta ba. Nemi mai sanda kashi biyu, na ƙasa da tsini, kuma a ƙololuwarta akwai 'yar kafa da iska ke fita. In babu wannan kafar, ni ba na karɓa ko an rage mini kuɗi. Wanda zai yi wuni ɗaya kawai gara ya yi haya a wurin masu rumfunan bakin ruwan, amma a gama ciniki kafin a zauna.

Da ka isa, dubi yashi kafin ka sauke kaya. Za ka ga wani layi na ciyayin ruwa da robobi da teku ya tofo. Nan ne iyakar inda ruwa ya kai da ya cika. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a rana, tsakanin cikarsa da janyewarsa kamar awa 6. Ka wuce layin nan sosai zuwa tudu.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa. Mutum ya buɗe lema tukuna, ya ɗaga ta sama, ya caka ta ƙasa da ƙarfi, ya ga ta tsaya, shi ke nan ya shimfiɗa tabarma. Wannan ba kafi ba ne. Yashin sama busasshe ne, ba ya riƙe komai. Ka bar lemar a rufe a gefe, ka ɗauki sandar ƙasa ita kaɗai. Share busasshen yashi da hannu har ka taɓa mai danshi, wanda in ka dunƙula shi yake tsayawa. Dasa tsinin a nan, ka jingina nauyin jikinka a kai, kana turawa gaba kana jawowa baya, tana nutsewa a hankali. Kada ka buge ta da dutse, bakin zai lanƙwashe, kashi na sama ya ƙi shiga. Sai ta shige kamu guda, wato wajen santimita 45, sannan ka tsaya. Mayar da yashin, zuba ruwa kaɗan, ka tattake da diddige har ya yi tauri. Ka girgiza ta. In ta motsa, sake.

Wuri na biyu da ake faɗuwa shi ne wajen karkatar da lemar. Hankalin kowa yana kan rana, sai ya karkata lemar ya bi inuwa, iska ta samu cikinta ta cika shi kamar babbar riga a kan igiyar shanya. A gaɓar Lome da Kwatano iskar rana daga teku take zuwa, galibi daga kudu maso yamma, kuma bayan azahar take ƙara ƙarfi. Saboda haka kan lemar ya sunkuya wajen da iska ke fitowa, ta riƙa bugun bayanta tana danna ta ƙasa. In inuwa ta gusa, tabarma za ka ja, ba lema ba.

Ban yarda da lemar da ba a ɗaure ba. Ba sai ka sayi komai ba, tsohon buhun shinkafa da igiya sun isa. Cika shi da yashi, ɗaura igiyar a saman sandar, ka binne buhun ta ɓangaren da iska ke zuwa. Wanda bai taɓa yi ba ya gwada a yashin Gulbin Maraɗi da rani kafin tafiya, hannu zai saba.

Sauran ba wuya. Rana ta fi cizo daga ƙarfe 10 zuwa 4, kuma yashi yana mayar da haskenta har ƙarƙashin inuwa, don haka a sha ruwa da yawa ko ba a ji ƙishi ba. Yara kuma a riƙe hannunsu. Tekun nan ba tabkin Madarumfa ba ne, igiyarsa tana ja da baya da ƙarfi, wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa idon sawu. Za ka tafi salla ko cin abinci, rufe lemar, ko da minti biyar ne. In an koma masauki a ɗauraye ƙarafunanta da ruwan famfo, a bar ta ta bushe kafin a naɗe, in ba haka ba gishiri zai sa ta yi tsatsa kafin ka iso gida.