Yadda zaka haɗa haidurojel da hannunka kaga yadda yake sakin magani

Ƴan'uwa ɗalibai masu karatun harhaɗa magunguna, in ana maganar haidurojel a aji sai kaji kamar wani abu ne na can nesa, alhali da kaya uku zaka haɗa shi a lab. Abu ne kamar dafaffen sitaci, yana shan ruwa ya kumbura amma baya narkewa, to a cikinsa ake ɓoye magani ya riƙa fita kaɗan kaɗan maimakon ya zube wa jiki lokaci guda.

Ka nemi garin sodiyom aljinet, wanda daga ciyawar teku ake samo shi, da kalsiyom kulorayid (wani irin gishiri ne na lab), da sirinji. Auna giram 2 na aljinet ka riƙa barbaɗawa a ruwa mil 100 kana motsawa, don wallahi in ka juye shi gaba ɗaya gudaji zai yi kamar kunun da ba'a dama da kyau ba. Barshi ya kwana kumfar ta kwanta, sannan ka ɗiga kalar abinci, ita ce a madadin magani.

A wani kofin ka narka giram 2 na kalsiyom kulorayid a ruwa mil 100, sai ka riƙa ɗiga haɗin aljinet ɗin a ciki da sirinji. Kowane ɗigo yana faɗawa zai dunƙule kamar ƙwan kifi, saboda kalsiyom yana ɗaure zaren aljinet ɗin da juna.

Nan fa aikin yake, kuma nan nake so ka nutsu. Raba su biyu, wasu ka tsame bayan minti 5 wasu bayan minti 30, ka ɗauraye, ka zuba kowanne a ruwansa kana rubuta lokacin da kala ta fara fita. Waɗanda suka jima sun fi tauri kuma sukan fi riƙo, sai dai zakaga tun a kofin kalsiyom wata kalar ta riga ta gudu, wannan asarar ma ka rubuta ta.

In akwai kayan aiki gwada su a digiri 37, wato zafin jikin mutum, wasu a ruwan asid mai pH (ma'aunin ƙarfin asid) 1.2 irin na ciki, wasu a ruwan fosfet mai 6.8 irin na hanji. A asid zasu tsuke, a fosfet kuwa su kumbura har su wargaje, shi yasa ake son aljinet ga maganin da ake so ya wuce ciki sai a hanji ya buɗe.

Don Allah kar kowa ya haɗiye su, kayan lab ba na ci bane.