Kurakuran da masu doguwar tafiya a keke suke yi a ƙasar tudu da gangara

Duk Asabar da safe in mun gama zagayenmu na keke a nan Kaduna, daga Dandalin Murtala zuwa titin Yakowa mun dawo, sai wani sabon shiga ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, so nake in je Jos a keke." Wani ma Kalaba yake hange, yana son ya ga bakin ruwa da ƙarfin ƙafarsa. Ina jin daɗin wannan buri, don ni ma da shi na fara. Abin da ya ishe ni shi ne in yi bayani a ce an ji, bayan mako biyu a dawo mini da gwiwa a kumbure ko fata a saɓule, kuma in ka bincika kuskuren da na baya ya yi ne na gaba ya maimaita.

Kowa hawa yake tsoro, alhali a gangara ake jin ciwo. Ni a Hawan Kibo na koyi wannan, a hanyata ta dawowa daga Jos zan bi ta Gidan Waya in shiga Kafanchan. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma a wannan gangarar hanya take sauke mutum daga kan tsaunin, tana lanƙwasa tana sake lanƙwasa, ga tireloli da tankokin mai suna tafe a bayanka. Ina ɗauke da kaya kusan kilo 20 a kariya. Da na ga keken ya fara cin gudu sai na damƙe birki biyun na riƙe, ban saki ba, ina ganin hakan shi ne taka tsantsan. Ban san robar birki tana gasa bakin wili ba. Ƙarfen ya yi zafi, iskar da ke cikin tiyub ta kumbura, tayar gaba ta fashe a tsakiyar kwana. Na faɗi a kan kafaɗar hagu, ƙashi ya karye. Wata uku ban hau keke ba, kuma har yau in sanyi ya shigo wurin yana yi mini tsami. Allah ya taƙaita, motar da ke bayana tana da nisa.

Don haka ku saurara. Ba a riƙe birki a doguwar gangara. Ka matsa da ƙarfi har gudun ya ragu sosai, ka saki wilin ya sha iska, ka sake matsawa. Kafin ka shiga kwana za ka rage gudu, in ka bari sai ka shiga to ka makara. Birkin gaba shi ne mai yawan ƙarfin tsayarwa, kuma masu gudunsa don tsoron kifewa ba su san cewa ja da jiki baya a kan sirdi shi ne maganin kifewar ba. Ni al'adata, duk bayan 'yan mintuna nakan tsaya in taɓa bakin wilin da bayan yatsa. In ya fi ƙarfin taɓawa, sai in zauna in jira ya huce, ko da kuwa abokan tafiya sun wuce. Akwai kwanar da nake sauka in tura keken da hannu, kuma wasu a cikinmu ba su yarda da ni a kan haka ba, suna cewa wanda ya iya birki ba ya bukatar sauka. Su ba su kwana a asibiti ba. Masu birkin faifai ma, wanda yake kama faifai a tsakiyar wili maimakon bakin wili, kada su saki jiki: tayarsu ba za ta fashe saboda zafi ba, amma birkin yana iya daina kamawa, kuma faifan yana ƙona hannu.

Sai lissafin nisa. Ɗan Kaduna ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ya je Zariya, kilomita wajen 80, ya isa kafin azahar, sai ya ɗauka ko'ina haka take. Da wannan lissafin na sa kekena a mota zuwa Kalaba, da niyyar in taso daga can in bi Odukpani da Akamkpa in kwana a Ugep. A taswira abin ya yi kama da tafiyar yini ɗaya. Hanyar ba ta da wani dogon tsauni mai ban tsoro, ƙananan tuddai ne a jere, ka hau ka gangara ka sake hawa, babu inda ƙafa take samun hutu. Abin da ya fi cin ƙarfina kuwa iskar wurin ce. A nan Kaduna gumi yana bushewa a jikinka ya sanyaya ka. A can kusa da teku iska jiƙe take, gumin yana zuba ne kawai ba ya bushewa, jiki na ta ɗaukar zafi. Na yi ta shan fiya wata leda bayan leda, ban ci komai ba tun karin safe, ban sa gishiri a bakina ba. Wajen ƙarfe ɗaya, a kusa da Akamkpa, cinyoyina biyu suka ɗaure lokaci guda, kaina na juyawa, na kasa ko sauka daga keken sai da na jingina da bangon wani shago.

Wani dattijo mai shayi, mutumin Arewa ne da ya daɗe a can, shi ya kama ni ya zaunar a benci. Ya dama gishiri da sukari a ruwa ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, ruwa kaɗai ba ya mayar da abin da rana ta ɗiba a garin nan." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri," na kwana a garin, washegari na ƙarasa a mota. Tun daga ranar ba na fita ba tare da ƙullin gishiri da sukari ba: ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, irin haɗin da ake yi wa mai gudawa. Ina ci kafin in ji yunwa, dabino ko ayaba ko ƙuli-ƙuli, duk bayan awa guda. Kuma duk nisan da na san ina iya yi a hanyar Zariya, in ƙasar tudu ce nakan cire kashi ɗaya cikin uku, in a kudu ne kusa da ruwa in cire rabi. Ana idar da sallar asuba nake kama hanya, in rana ta take in nemi inuwa sai bayan la'asar. Mai son zuwa yankin Kalaba ya nufi tsakanin Disamba da Fabrairu, don daminar can doguwa ce kuma ruwan ba na wasa ba ne, ga jiƙaƙƙen wili ba ya kama birki da wuri.

Yanzu ku samari, da ku nake. Wa ya gaya muku hawa tudu da giya mai nauyi shi ne jarumta? Ina ganinku a tuddan Kajuru, mutum ya miƙe tsaye a kan feda yana murɗa jiki, keke na karkata hagu da dama, don dai kada a ce ya sauko giya. Gwiwarka kake ci, kuma ba a sayar da ita a Panteka. Ka sauko giya tun kafin tudun ya kama ka, lokacin da ƙafa take juyawa da sauƙi, don in ka bari sai sarƙa ta ɗauki nauyi, to ko ta ƙi shiga ko ta tsinke. Ka zauna a sirdi ƙafa na juyawa da sauri ba nauyi, ko da gudunka bai fi na mai tafiya a ƙasa ba. Yawancin kekunan gwanjo da muke saya, babban faifan giyarsu na baya haƙora 28 gare shi. Da kaya a kariya wannan bai isa ba. Ka sa mai gyara ya nemo maka mai haƙora 34, wanda ya fi sauƙin juyawa a tudu, ya duba ko abin canjin giyarka zai ɗauka, sannan ka tabbata ƙaramin faifan gaba yana shiga. Na sha ganin wanda bai taɓa amfani da shi ba har wayarsa ta yi tsatsa, sai a gindin tudu ya gano.

Jakar goyo tana kashe baya da wuya, kaya a kariya ake ɗaurewa, mai nauyi a ƙasa. Kada ka sa sabon sirdi ana gobe tafiya. Baƙin mai a sarƙa ƙura yake tarawa ya cinye haƙora. In ka yi kwanaki a bakin teku, ka wanke keken da ruwan daɗi ka sa wa sarƙa da wayoyin birki mai, iskar gishiri tana cin ƙarfe da sauri. Taya mai lamba 26 ana samun tiyub ɗinta kusan a kowane ƙauye, amma mai 29 ko siririyar tayar tsere sai ka tafi da naka guda biyu, da faci da famfonka, don famfon mai faci ba ya shiga siririn bakin tiyub.

Akwai kuma wanda zai tashi shi kaɗai, bai gaya wa kowa a gida hanyar da zai bi ba, ya ce zai kama titin Kachia ta Kasuwan Magani da Kufana. Duk mun san halin rashin tsaro da wannan yanki ya shiga a shekarun nan. Ni ba na bin ta sai mu uku ko fiye, kuma ana gobe nakan je tasha in tambayi direbobin da suka fito daga can ranar. In sun ce a dakata, nakan sa keken a mota har Zonkwa ko Kafanchan in fara daga can, tuddan Kagoro suna nan suna jira. Masauki kuma tun la'asar sakaliya nake neman sa, ba na bari magariba ta same ni tsakanin gari da gari.