Yadda Ake Shirya Wayar Android Domin Mai Lalurar Gani

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wayar da ake shafawa ba ta da amfani ga makaho, tun da gilashi ne sumul babu maɓallin da yatsa zai lalubo, shi ya sa idan za a saya wa dattijon da ganinsa ya tafi waya sai a nemo masa ƙarama mai maɓallai. Alhali kuwa wayoyin Android suna da manhajar da kamfanin Google ya ƙera mai suna TalkBack, wadda ke karanta duk abin da ke kan fuskar waya da murya, kamar yadda wayoyin iPhone suke da tasu mai suna VoiceOver tun shekarar 2009. Aikin mai taimako shi ne ya kunna ta, sannan ya miƙa wayar ga mai ita, domin yatsun mai wayar ne suke buƙatar koyo.

Da farko a shiga saitin waya a nemi sashen da aka rubuta Accessibility, a zaɓi TalkBack a kunna. A wasu ƙananan wayoyi masu araha ba za a tarar da ita ba, sai an sauko da Android Accessibility Suite daga Play Store, kuma kyauta ce. Yana da kyau a kunna gajeriyar hanyar da ke cikin saitin, ta yadda danne maɓallan ƙara sauti da rage shi tare na daƙiƙa 3 zai kunna manhajar ko ya kashe ta, saboda a gidajenmu waya ɗaya takan ratsa hannu biyar kafin dare, kuma yaron da ya ɗauke ta ya ji tana magana zai iya rikita komai.

Da zarar an kunna ta, dokar taɓa waya ta canza gaba ɗaya, kuma a nan ne mafi yawan masu gani suke firgita su ce wayar ta lalace. Taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai, tana faɗin sunan abin da yatsa ya sauka a kansa ne kawai. Idan an ji abin da ake so, sai a ƙwanƙwasa sau biyu da sauri a ko'ina a kan gilashin, ba lallai sai a kan abin ba. Shafawa zuwa dama da yatsa ɗaya tana kai mutum ga abu na gaba, zuwa hagu kuma tana mayar da shi na baya, yayin da gangarawa ƙasa ko hawa sama a shafi ke buƙatar yatsu biyu. Manhajar tana zuwa da darasin gwaji da ke buɗewa karon farko, kuma bai kamata a tsallake shi ba ko da ya ɗauki rabin sa'a.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo yana koyon ƙwanƙwasa biyun nan, yatsansa na sauka da nauyi yana jinkiri tsakanin ta farko da ta biyu, wayar kuma tana ta maimaita masa sunan abu ɗaya. Ɗansa ya miƙa hannu sau uku zai karɓa, dattijon ya ce masa, “Bari, ɗana, idan ka tafi kasuwa wa zai danna mini?” Abin da ya fi amfani a irin wannan lokaci shi ne mai koyarwa ya ƙwanƙwasa a bayan hannun mai koyo domin ya ji saurin da ake nufi a fatarsa, sannan ya janye hannunsa ya yi shiru.

Sai batun murya. A rage saurinta a makon farko, daga baya mai wayar da kansa zai nemi a ƙara, har ta kai inda mai gani ba ya gane abin da take faɗa. Galibin wayoyi da muryar Turanci suke zuwa, wadda ke lanƙwasa kalmomin Hausa har sunan Ɗanladi ya fito kamar na baƙo, saboda haka ya kamata a sake rubuta sunayen da ke cikin waya a gajarce, a cire alamomin ado, a kuma bambanta masu suna iri ɗaya da unguwa ko sana'a. Ga saƙonni kuwa, saƙon murya na WhatsApp ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma 'yan uwa su saba da aika shi maimakon hoton rubutu.

Sirri abu ne da ake yawan mantawa da shi. Wayar da ke magana a cikin adaidaita sahu tana karanta saƙon banki ga duk wanda ke zaune, don haka abin saƙalawa a kunne ya zama dole, kuma gara a sa kunne ɗaya a bar ɗayan yana jin hanya. A cikin jerin umarnin TalkBack akwai zaɓin ɓoye fuskar waya, wanda ke duhunta gilashin alhali muryar na ci gaba da aiki. A sa makullin zanen yatsa idan wayar tana da shi, kuma lambar sirrin banki mai ita ne zai shigar da kansa, ba ɗan gida ba, ba mai POS ba.

Bayan hannu ya faɗa, ana iya ƙara manhajoji biyu. Lookout ta Google tana amfani da kyamara ta karanta rubutun da ke kan takarda ko kwali. Be My Eyes kuwa, wadda wani ɗan ƙasar Denmak mai raunin gani, Hans Jørgen Wiberg, ya kafa aka ƙaddamar a 2015, tana haɗa mutum da ɗan sa-kai ta kiran bidiyo ya duba masa ranar lalacewar magani ko launin riga, sai dai tana cin data, kuma bai dace a nuna mata katin banki ba. Wanda ya samu dama ya nemi reshen Ƙungiyar Makafi ta Najeriya da ke jiharsa, domin makahon da ya shekara yana amfani da TalkBack ya san dabarun amsa kira da rubuta saƙo waɗanda mai gani bai taɓa buƙatar sani ba.