Ga sababbin ɗalibanmu a Ingila: ku fara sanin bangon bakteriya

Duk shekara, daga tsakiyar Satumba, nakan haɗu da 'yan uwa da suka iso Ingila karatun jinya, ko harhaɗa magunguna, ko aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Kusan kowa a cikinsu yana da darasin ƙwayoyin cuta a zangon farko, kuma kukan ɗaya ne: sunayen Latin sun yi yawa, malami yana gudu, ga shi babu takardar da za a miƙo maka ka haddace. Ƙannena, ku ajiye haddar sunaye tukuna. Ku fara da bangon da ya kewaye bakteriya, domin a kansa aka gina rabin darasin, kuma shi ne zai fahimtar da ku abubuwa da dama da za ku tarar a wurin likitan ƙasar nan.

Bakteriya halitta ce mai ƙwaya ɗaya tal. Idan aka jera wata bakteriya mai suna Escherichia coli, ko E. coli a taƙaice, guda 500 kai da ƙafa, tsawonsu milimita 1 ne kawai. Kundin gadonta, wato DNA, zobe ne guda da ke kwance a cikinta babu jakar da ta killace shi, saɓanin ƙwayoyin jikinmu. Tana kuma iya ɗaukar wasu ƙananan zobba da ake kira filasmid, waɗanda take miƙa wa maƙwabciyarta, kuma ta nan ne taurin kai ga magani yake yaɗuwa. Daga waje akwai tantani mai laushi, sai bango na wani sinadari mai suna feftidogilaikan. Wasu suna da jela ta iyo, wasu gashi na manne wa jiki, wasu kuma suna yafa wata riga mai santsi a saman bangon.

Gwajin farko da za a sa ku yi shi ne rinin Gram, wanda wani likita ɗan Danmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san akwai ƙyallen da ke kama baba, akwai mai zuba da an wanke. Haka abin yake a nan. Za ka shafa ƙwayoyin a gilashi, ka zuba rini mai launin shunayya, ka bi shi da aidin ya kama, ka wanke da sinadarin alkohol, sannan ka zuba jan rini. Mai bango mai kauri takan riƙe shunayyar, ita ce Gram fozitib. Mai siririn bango takan zubar da ita ta ɗauki ruwan hoda, ita ce Gram negatib, kuma irin wannan tana da wani tantani na biyu a waje wanda ke tare magunguna da yawa. A wurin wankin nan ne ɗalibai suke faɗuwa. Daƙiƙoƙi kaɗan ake so. Ka daɗe, komai ya koma ruwan hoda, ka gaggauta ko ka yi shafi mai kauri, komai ya fito shunayya. Kada ka ji nauyin roƙon ma'aikacin ɗakin ya tsaya a kanka a karon farko, aikinsa ke nan, kuma a nan mai tambaya ake ɗauka da muhimmanci.

Idan ka ɗiga mai a gilashin ka duba da madubin da ke girmama abu sau 1000, abu na biyu da za ka lura da shi siffa ce. Akwai dunƙulallu, akwai masu kama da sanda, akwai lanƙwasassu irin Vibrio cholerae mai jawo kwalara. Dunƙulallun da suka jeru kamar carbi su ne Streptococcus, waɗanda suka taru tsibi-tsibi kuwa Staphylococcus. Ta sanƙarau tana zuwa biyu-biyu, kamar ɓarin goro biyu suna fuskantar juna. Launi da siffa, da waɗannan biyun kaɗai za ka raba yawancin sunayen da ke cikin littafinka gida-gida. Wajen rubutu, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, a kuma karkatar da su, don masu duba aiki a nan suna rage maki a kan haka. 

'Yan uwa mata, a ɗakin gwaji akwai buɗaɗɗen harshen wuta. Ku sa ƙaramin hijabi na auduga ku cusa shi cikin farar rigar aiki, ku bar mayafi mai yawo a kabad. Maza ma, babbar riga da takalmi buɗaɗɗe ba su shiga.

Yanzu ga inda bangon ya shafi lafiyarku. Da sanyi ya kama, mura za ta kwantar da yawancinku, za ku je wurin likitan unguwa, wanda ake kira GP, ya ce ku sha ruwa da farasitamol ku huta. Na ga mutane da yawa sun fito da ɓacin rai, suna ganin an raina su ne don baƙi ne. Dalilin yana cikin darasinku. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, da danginsa irin su amoksisilin, aikinsu hana bakteriya gina bango ne har ta fashe. Kafso ɗin nan ja da rawaya da ake saye a kemis a gida, tetirasaikilin, yana toshe injin haɗa furotin na bakteriya ne. Mura kuwa bairos ke kawo ta, shi ba shi da bango, ba shi da wannan injin, saboda haka maganin ba shi da abin kamawa. Abin da zai yi kawai shi ne ya kashe bakteriya masu amfani na hanjinka ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Ina roƙonku, wanda ya zo da irin waɗannan magunguna a jaka kada ya rarraba wa abokai.

Gwajin tarin fuka da aka yi muku kafin biza ma labarin bango ne. Ƙwayar da Robert Koch ya bayyana a 1882 tana da bango mai kitse kamar kakin zuma, rinin Gram ba ya shigarsa sosai, sai an yi mata rinin Ziehl-Neelsen. Tana kuma da nawa ƙwarai. E. coli takan rabu biyu cikin minti 20 idan ta samu yadda take so, ita kuwa ta tarin fuka sai ta kwashe awa 15 zuwa 20. Shi ya sa wanda aka karɓi majinarsa yakan jira har mako 8, shi ya sa kuma maganin yake ɗaukar wata 6. Hoton ƙirji mai kyau bai nuna babu ƙwayar da ke kwance a jiki ba, don haka idan aka gayyace ka gwajin jini na sababbin zuwa, ka je. Maganin cutar kyauta ne a nan.

Abin da na fi so ku yi a makon nan shi ne allurar sanƙarau. Mu 'yan Arewa mun san wannan cuta, annobar 1996 ta ci rayuka fiye da 11,000 a Najeriya. Da rigar nan mai santsi ake raba ƙwayar sanƙarau, Neisseria meningitidis, rukuni-rukuni: A, B, C, W, X, Y. Allurar gangamin da aka fara a Nijar a 2010, a Najeriya kuma a 2011, ta rukunin A ce kaɗai, don haka kada ka ce ai an yi maka a gida. Ɗalibin da ya shiga jami'a karon farko kuma bai kai shekara 25 ba, yana da damar karɓar allurar MenACWY kyauta, muddin ya yi rajista da GP. Ita ma ba ta kare mutum daga rukunin B, wanda shi ya fi yawa a nan Ingila, saboda haka ku riƙa leƙa juna a ɗakunan kwana. Zazzaɓi mai zafi, sanƙarewar wuya, ƙin haske, ko ƙuraje da ba sa dusashewa idan an danna musu gilashin kofi, a kira 999 nan take. A baƙar fata ƙurajen suna ɓuya, a duba tafin hannu, tafin ƙafa, da cikin fatar ido.

Sai batun tukunya. Wasu bakteriya, idan rayuwa ta yi tsanani, sukan ƙudundune cikin wani ƙoƙo mai tauri wanda tafasa ba ta kashe shi, shi ya sa a ɗakin gwaji ake turara kaya a zafin digiri 121 na minti 15. Bacillus cereus tana cikinsu, kuma gidanta ɗanyar shinkafa. Ɗalibi yakan dafa babbar tukunyar dafa-duka ya bar ta a kan murhu ta kwana, yana ganin ai gari da sanyi, alhali na'urar ɗumama ɗaki tana aiki. Cikin dare ƙoƙon ya farfaɗo, ƙwayar ta zuba guba wadda ɗumame ba ya karya ta. Ka juye shinkafar a faffaɗan mazubi ta huce, ta shiga firji cikin awa 1, ka cinye ta kashegari, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta.