Yadda mai in'ina zai gano wuraren da maganarsa ke maƙalewa, ya kuma bi da su

Ƙanena ya fara in'ina yana ɗan shekara 4. Idan ana biya karatu tare a islamiyya, muryarsa ce ke fita tar a cikin ta yara, babu gargada ko ɗaya. Amma da zarar malam ya nuna shi ya ce, "Kai, tashi ka faɗi sunanka," sai leɓɓansa su haɗe, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya runtse ido, har sai wani yaro ya faɗi sunan a madadinsa. A nan ne manya ke yanke hukunci: ai da gangan yake yi, tun da ɗazu ya yi karatu lafiya lau. Wannan magana ta fi in'inar kanta yi masa ciwo.

Ba da gangan ba ne. Haka in'ina take, tana hawa tana sauka gwargwadon wuri, da wanda ake magana da shi, da irin maganar. Kimanin mutum 1 cikin 100 na manya yana da ita, maza sun ninka mata kusan sau 4, kuma galibi tana farawa ne tsakanin shekara 2 zuwa 5. Tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin magana, kuma tana bin jini: binciken Dennis Drayna da abokan aikinsa a Amurka ya gano ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita a wasu manyan dangi na Pakistan da Kamaru. Tsoro ba shi ke haifar da ita ba, ƙara mata ƙarfi yake yi. Tun da tana canzawa, ana iya bin sawunta. Ga yadda za ka yi.

Da farko, nemi ƙaramin littafi ka yi sati 2 kana rubutu. Kowane dare ka tuna maganganu uku ko huɗu da ka yi a ranar: da wa, a ina, ido da ido ko ta waya, ana jiranka ko kana da sarari. Ka ba kowace maki daga 1 zuwa 5 bisa tsananin maƙalewar. Sannan ka ƙara abin da yawancin mutane ke mantawa, wato maganar da ka fasa yi. Ranar da ka bar mai a-daidaita-sahu ya wuce layinku saboda "nan zan sauka" ta ƙi fita, ka dawo da ƙafa, rubuta ta. Ranar da ka sayi biredi alhali ƙosai kake so, don kawai ƙ ta tsaya maka a maƙogwaro, ita ma rubuta ta. Masani Joseph Sheehan ya kwatanta in'ina da dutsen ƙanƙara a teku, wanda mafi yawansa ke ƙarƙashin ruwa. Mu dorina ta fi mana kusa: kunne da ido da hanci kaɗai ake gani, sauran jikin yana ciki. Kunya da kauce-kauce su ne jikin.

Mataki na biyu, jera abin da ka rubuta kamar tsani, mai sauƙi a ƙasa, mai wuya a sama. Tsanin kowa daban ne, amma akwai abin da ke yawan maimaituwa. A ƙasa za ka tarar da waƙa, karatu tare da jama'a, raɗa, magana kai kaɗai, wasa da jariri, ko yi wa akuya tsawa. A sama kuma akwai waya, faɗin sunanka, magana gaban suruki ko shugaba a wurin aiki, da amsa tambaya a aji.

Yana da kyau ka san dalili, domin a nan aikin yake. Waƙa da karatun haɗa baki suna ba ka kari daga waje, wato bugun da kake bi, ga murya tana gudana ba yankewa, sai ƙwaƙwalwa ta huta da neman lokacin fara kowace gaɓa. Magana da jariri ba ta da alƙali. Sunanka kuwa ba shi da madadi, ba ka isa ka musanya shi da wata kalma ba, kuma kowa na sa ran ya fito nan take. Waya ta fi su duka mugunta, domin wanda ke can bai ga bakinka yana kokawa ba. Shiru kawai ya ji, sai ya hau "Hello? Hello? Wa ke magana?" ko ya ce babu sabis ya kashe. Gajiya, rashin barci da ɗoki ma suna ɗaga maki, har farin ciki yakan yi hakan.

Na uku, koyi dabara biyu a matakin ƙasa, inda ba ka jin tsoro. Ta farko ita ce shiga kalma da laushi: bari iska ta ɗan fara fita, murya ta biyo a hankali, leɓe da harshe su taɓa juna sama-sama maimakon matsewa, musamman a sautuka irin b, d, k, g. Ta biyu ta lokacin da ka riga ka maƙale ce, tana cikin abin da masanin gyaran magana Charles Van Riper ya koyar, wanda shi kansa mai in'ina ne. Kada ka tura da ƙarfi, kada ka koma baya ka yi tsalle. Zauna a kan sautin, ji inda ya ɗaure, sassauta wurin, sannan ka ja kalmar ta fito a hankali. Minti 10 a rana ya isa, da karatu a bayyane. Sai dai ka lura, idan ka maimaita shafi ɗaya sau 5 a jere, in'inar takan ragu sosai don baki ya saba da shi. Wannan ba warkewa ba ce, don haka ka riƙa canza shafi.

Na huɗu, hau tsanin taki ɗaya-ɗaya. Daga kai kaɗai zuwa mutum guda da ka yarda da shi, daga nan mai shagon unguwa, sannan baƙo. Ga waya, saƙon murya na WhatsApp gada ce mai kyau: magana ce ta gaske, amma ba mai katse ka. Sharaɗin shi ne ka aika na farkon da ka ɗauka, ko da in'ina a ciki, ban da gogewa sau goma. Bayan haka ka kira ɗan'uwa, sannan ka kira inda ba a san ka ba ka tambayi farashin wani abu. Ma'aunin nasara a nan shi ne ka faɗi abin da ka yi niyya da kalmar da ka zaɓa, ko ta fito da santsi ko da tuntuɓe.

A matakan sama, faɗin gaskiya tun farko yana sauke rabin kaya. "Ina da in'ina, a ɗan yi haƙuri da ni" jimla ce gajera, amma tana kashe fargabar kada a gane. Annabi Musa (AS) da za shi wurin Fir'auna bai ɓoye nauyin harshensa ba, ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin don a fahimci maganarsa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, aya ta 27 da 28.

Ina roƙonka ka guji dabarun da ke aiki na kwana biyu: buga ƙafa, dukan cinya, fisgar kai, cusa "wato, wato" kafin kowace kalma. Suna taimakawa da fari don sababbi ne, daga baya su manne su zama wani ɓangare na in'inar. Yanke jijiyar ƙasan harshe ko cire beli ma ba ya maganinta, domin matsalar ba a nan take ba.

Idan yaro ne, iyaye su riƙe littafin. Yawancin yara suna daina in'ina da kansu, amma idan ta haura wata 6, ko akwai mai ita a dangi, ko yaron ya fara gudun magana, a nemi masanin gyaran magana; a tambaya a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa. Babban da ta faɗo masa rana ɗaya bayan bugun kai ko shanyewar jiki, asibiti zai nufa ba jira. A gida kuwa, ku daina "yi a hankali" da ƙarasa masa kalma. Ku rage saurin taku maganar, ku dube shi, ku jira. Malam kuma ya riƙa kiransa da wuri a aji, ko ya haɗa shi karatu da wani yaro, domin jiran layi ya zo kansa shi ke tara tsoro.

Za a yi satin da komai zai rikice, matakin da ka wuce ya sake gagarar ka. Buɗe littafin ka duba barcinka da abin da ke damunka a kwanakin, ka sauko taki ɗaya ka yi kwana uku a nan, sannan ka sake hawa.