Zanen rezin mai kama da gilashi a kan katako

Ki sa kafinta ya goge miki allo sumul, ki shafa farin fenti don launi ya fito.

Zana dagin Arewa da fensir, ki bi layukan da baƙin gam mai kauri. Shi ne kamar kunyar gona, zai hana launuka cakuɗewa, don haka sai ya bushe sarai.

Sa safar hannu, ki haɗa rezin (wani ruwa mai kauri da ke daskarewa garau kamar gilashi) da ruwan daskarar da shi daidai awon da aka rubuta jikin kwalba. Juya a hankali kamar minti 3, gaggawa kumfa take kawowa. Ɗiga launi kaɗan.

Da tsinke za ki cika kowane gurbi. Allon ya zauna daram, in ya karkace rezin malalewa zai yi.

Kife kwali a kai awa 24, saboda ƙurar hunturun nan ta Ringim da ƙudaje.