Ga masu shirin tafiya Alƙahira daga Kaduna: kar ku kulle kanku a ɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka fara shirin tafiyar yaranmu na bana kusan kullum bayan isha'i sai wani ya tare ni a majalisarmu nan Tudun Wada, wani ɗansa ne zai tafi Azhar, wani ƙanwarsa ce za ta karatun likita, kuma tambayar duk ɗaya ce, nawa ne haya, ya ake yin iƙama wato takardar izinin zama, a tafi da garin tuwo ko a bari. Ina amsawa daidai gwargwado, amma akwai abin da ba wanda yake tambaya kuma wallahi shi ya fi damuna, wato shi kansa garin ya za ku zauna da shi. Na ga ɗalibai namu sun yi shekara huɗu biyar a Misra, daga unguwar Hayyul Ashir sai kulliya wato wajen karatu, daga kulliya sai ɗaki, hira da 'yan Najeriya, girki na Najeriya, har suka dawo gida ba su taɓa taka titin Mu'izz ba, abin yana min ciwo sosai don kuɗin iyaye aka kashe kuma rabin karatun yana nan a waje sun bar shi.

Bari in fara da ciki tunda shi ne yake fara sa mutum kewar gida. Satin farko ku nemi kushari. Shinkafa ce da taliya da makaroni da adas, wani ɗan wake ƙanana, a zuba miyar tumatir a kai a watsa soyayyar albasa mai ƙaras-ƙaras, a kan tebur kuma za ku ga kwalba biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa ne mai tsami ɗayan kuma barkono, shi suke kira shatta. Ranar da na fara ci mai shagon yana tsaye yana buga cokali a jikin tukwanen yana zubawa da sauri kamar mai kiɗa, da ya ga na juye barkonon nan da yawa sai ya riƙe min hannu yana cewa a hankali, na ce masa daga Najeriya nake, ya yi dariya ya ƙaro min kwalba guda. Shi ne garau-garau ɗinsu, yana da araha yana riƙe ciki har dare. Da safe kuma ful ne, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya a cikin gurasar da suke kira aish baladi, ɗa'amiyyar nan ƙosai ce kawai sai dai da wani irin wake suke yi kuma suna sa ganye shi ya sa cikinta kore ne.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne yawan abincinmu da ke can da wani suna. Mulukhiyya da suke ji da ita lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, har goruba suna jiƙawa su sha suna kiranta dom. Rake kuwa ba sai ka wahalar da haƙori ba, a gabanka za a tura shi cikin inji a miƙo maka kofi da kumfa a sama, ka ce asab kawai, amma ka sha nan take don in ya jima yana yin baƙi. In kewar tuwo ta taso ku nemi gidajen abincin 'yan Sudan, suna da asida wadda ba ta da nisa da tuwonmu, kuma suna da agashe, tsire ne da ƙuli da yaji wanda Hausawan Sudan suka kai can, in ka ji sunan ma ka san namu ne. Ni dai shawarata kar ku wuce wata guda ba ku saba da abincin garin ba, wanda ya dage sai na gida kullum aljihunsa ne zai faɗa masa. Fasikh kaɗai zan ce ku yi hattara, kifi ne da ake jiƙawa da gishiri ya daɗe, suna cinsa lokacin bikin Shammun Nasim, in ba a gyara shi da kyau ba yana kai mutum asibiti.

To yanzu tsohon gari. Ku ware yammacin wata Alhamis ku tafi masallacin Azhar, an gina shi tun wajen shekarar 970, kuma ku sani ba baƙi ba ne ku a wurin, a da akwai ruwaƙin Barnawa, wato masaukin ɗaliban Barno, a cikinsa inda ɗaliban ƙasarmu suke sauka, Mansa Musa ma ta garin ya bi a 1324 kan hanyarsa ta hajji. Daga nan ku tsallaka wajen masallacin Husaini ku kutsa kasuwar Khanul Khalili. Ɗan Kaduna da ya saba da lungunan Kasuwar Barci ba zai ruɗe ba, sai dai nan maƙeran tagulla ne da masu fitilu da turare da carbi, kuma ciniki dole ne, farashin farko na baƙo ne. Ni a zuwana na farko wani mai shago ya sayar min da carbi ninki uku na kuɗinsa don da fusha, wato Larabcin littafi, na yi masa magana, nan take ya gane sabon zuwa ne. Ku koyi ammiyya, wato Larabcinsu na yau da kullum, da wuri, bikam wato nawa, ma'alish wato yi haƙuri, ala gamb in za ku sauka daga ƙaramar bas, kuma harafin jim ɗinsu ga suke furta shi, kar ku ji sun ce gami'a ku tsaya tunani.

Titin Mu'izz ya taso daga Babul Futuh har Bab Zuwaila, kimanin kilomita ɗaya, masallatai da makarantu da gidajen sarakunan da jere da juna, da magariba in an kunna fitilu ka ga iyalai sun fito da yara, masu zane suna zaune suna zana mutane, masu rubutun haɗɗi suna rubuta suna a kan takarda. Duk wanda ya taɓa yin zayyana a allo ya tsaya ya kalli rubutun da ke jikin bangon nan da kyau, sannan ya wuce gidan tarihin kayan Musulunci da ke Babul Khalƙ ya ga tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu. Ku riƙa yawo da katin makaranta, yawancin wuraren nan ɗalibi rabin kuɗi yake biya.

Kusa da Azhar ɗin akwai ginin Sarki Guri inda ake wasan tannura, ku tambayi ranakun ku je da wuri don wuri yana cika. Ban taɓa mantawa da daren da na fara gani ba. Masu ganga da tambura da wata algaita da suke kira mizmar suka fara, jin mizmar ɗin nan sai da tsigar jikina ta tashi don sak algaitar hawan sallah a Zariya, sai wani dattijo ya fito da wani faffaɗan zane mai launi-launi ɗaure a ƙugu ya fara juyawa, yana juyawa yana juyawa fiye da rabin awa bai tsaya ba bai yi tangaɗi ba, can ya zare zanen sama ya ɗaga shi kan kansa yana wulwulawa kamar laima, gumi yana zuba amma fuskarsa a natse, da ya tsaya cak kuma ko layi bai yi ba. Asalin abin daga Sufaye ne.

Maganar kiɗa na san a cikinmu akwai wanda ba ya sauraro kuma ina girmama wannan, ba sai ka je inda zuciyarka ba ta kwanta ba. Amma ko kai ɗin garin yana da abin kunnenka, ƙasar su Abdulbasiɗ da Husari da Minshawi ce, gidan rediyon Alƙur'ani nasu yana aiki tun 1964 kuma za ka ji shi a shagon aski da tasi da wajen mai gurasa, ga masu ibtihali, wato rera addu'a da yabon Allah, kafin asuba. Wanda kuma yake so, akwai Saƙiyatus Sawi a Zamalik ƙarƙashin gada, tun 2003 suke shirya waƙe da wasan kwaikwayo da karatun waƙoƙi kuma ba tsada, akwai gidan Opera da aka buɗe a 1988, shi kam sai da shiga ta kamala. Mawaƙiyarsu Ummu Kulsum ta rasu tun 1975 amma har gobe muryarta ce a gidajen shayi da daddare, samari 'yan tuktuk, wato keke napep, kuma nasu kiɗan mahragan ne mai ƙarar tsiya, za ku saba.

Abu ɗaya da ba na yafe wa ɗalibi in ya rasa shi ne baje kolin littattafai, ma'arad. Tun 1969 ake yinsa, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, yanzu a can unguwar Tagammu yake. Ku fara tara kuɗi tun watan Nuwamba, ku rubuta sunayen littattafan da kuke so tun daga gida don in kun shiga ido zai raina fata, ku tafi da jaka mai taya da takalmi mara takura, ku guji Juma'a saboda cunkoso. Rabin littattafan da nake karantarwa da su yau a islamiyyarmu daga can na ɗauko su. Sauran watanni kuma akwai 'yan tsofaffin littattafai na Azbakiyya a bakin tashar metro ta Ataba.

Azumi a Alƙahira sai wanda ya gani. Fitilun fanus a kowane lungu, ana buga igwa lokacin shan ruwa, mai ganga yana zagayawa tashin sahur kamar yadda ake yi a unguwanninmu, sannan ga teburan ma'idatur Rahman a kan titi kowa ya zo ya zauna kyauta. Kar ku ji kunya ku zauna, ni a nan na yi abokai Misrawa na farko, wani tsoho ya tura min naman gabansa yana cewa kai baƙo ne kuma ɗalibin ilimi. Sai dai ku gane, a sauran ranaku in mutum yana cin abinci ya ce itfaddal sau ɗaya, yawanci irin bismillarmu ce ta ladabi, ka yi godiya ka wuce, in ya nace sau biyu sau uku to da gaske yake.

Ƙannena mata, a metro akwai taragon mata a tsakiyar jirgi ku riƙa shiga nan, kuma wuraren turmutsutsu irin maulidin Husaini da na Sayyida Zainab ku je a ƙungiya ku dawo da wuri. Kowa da kowa kuma, kofin fasfo da iƙama a aljihu kullum, kar a ɗauki hoton 'yan sanda ko sojoji ko gininsu, kar a shiga hirar siyasa a gidan shayi. Za ku haɗu da yaran da za su tsokane ku kan launin fata, yana faruwa kuma yana da zafi, kar ku biye musu, kar kuma ya sa ku fasa fita.

Kayan da za ku ɗauka daga nan ba su da yawa, yaji, kuka, daddawa a ɗaure ta da kyau, ɗan kilishi, sai kaftani da hula masu kyau ko atamfa kala biyu saboda ranar sallah da ranar da ɗaliban ƙasashe suke nuna al'adunsu, ranar za ku so a ce kun zo da su. Rigar sanyi mai kauri kuma ku saya a can, sanyin Janairu ɗinsu ya fi hunturun Kaduna nesa ba kusa ba. Allah ya kai ku lafiya ya ba da abin da aka je nema.